Layi, Kunne da Tasha: Sunayen Sautin da Ba a So

Duk wanda ya taɓa haƙurin zama har ƙarshen fim ɗin Hausa ya ga yadda sunaye ke hawa allo ɗaya bayan ɗaya: bada umarni, ɗaukar hoto, ɗaukar sauti, tacewa. Kalmomin nan sun zauna da gindinsu tun shekarun da suka biyo bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, ba mai neman a fassara masa su. Amma wannan Hausar ta bakin ƙofa ce. Can cikin ɗaki, inda mai tacewa ke zaune gaban kwamfuta yana fama da ƙarar janareta da kukan jariri da sifikar da ta yi tsuwwa, sunayen abubuwa ba su gama zama ba. Kowa da yadda yake kiran abin da ke gabansa, kuma sau da yawa mutum biyu za su faɗi kalma ɗaya alhali kowa da inda ya dosa.

Sana'ar ta daɗe da fita daga Kano. A Jabo da Tambuwal da Dogon Daji, har Kebbe, da wuya a yi ɗaurin auren mai hali, ko walimar sauka, ko naɗin sarauta, ko taron siyasa, ba ka ga yaro riƙe da kyamara ko waya a kan sanda ba. Wasu a wayar suke gama komai da CapCut ko KineMaster. Waɗanda suka ɗan yi ƙarfi sun sayi kwamfuta sun sa mata Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Hoto bai cika ba su wahala ba, Allah ya wadata mu da rana. Sauti ne ke tona asiri. Mai biki zai yafe maka hoton da ya ɗan yi duhu, amma ba zai yafe ba in aka zo wurin siga, waliyyi ya buɗe baki, ba a jin komai sai inji.

A fara da sunan aikin kansa. Tacewa daga madafa ta fito: a zuba ƙullu a kan ƙyalle, gasara ta wuce, dusa ta tsaya a sama. Wanda ya fara ɗora kalmar a kan aikin fim ya yi dace, don rabin aikin edita raba abin so da abin ƙi ne. Sai dai kalmar tana da abokiyar zama. Hukumar tace finafinai da gwamnatin Kano ta kafa a 2001 ita ma tacewa take yi, amma tata ta hukunci ce, ta a cire wannan rawar ko a hana fim ɗin fita. Shi ya sa in ka ce an tace fim sai a tambaye ka wace tacewar, ta ɗakin aiki ko ta hukuma. Samari da yawa sun kauce wa ruɗanin sun koma cewa editin. Ni dai ina nan a kan tacewa, saboda macen da ta san aikinta ba ta zubar da dusa, ajiye ta take yi, kuma wannan shi ne darasin farko da ya kamata mai koyo ya riƙe game da sauti.

Ga inda rikicin yake. In ka jawo bidiyo ka ajiye a teburin tacewa, hoto zai kwanta a sama, a ƙarƙashinsa kuma wasu dogayen sanduna masu zanen tudu da kwari, an yi musu lamba A1, A2, A3. Bidiyon waya sanda ɗaya yake kawowa. Babbar kyamara mai ramukan makirufo tana iya zuwa da huɗu, wata ma takwas, galibi kuma biyu ne kawai ke da magana a ciki. Sauran wayam suke, ko kuma ba komai sai iska da numfashin mai ɗauka. Turanci na da kalma biyu a wannan wuri, kuma abubuwa biyu ne daban. Na farko shi ne gurbin da ke kan tebur, wanda kai edita kake ƙirƙira, ka ɗora masa magana ko kiɗa yadda ka ga dama. Na biyu shi ne hanyar da sauti ya biyo ya shiga kyamara, yana cikin fayil tun ranar ɗauka, ba kai ka yi shi ba. Gurbi ɗaya na iya ɗaukar hanya ɗaya, ko biyu, ko shida irin na sinima. Wanda bai raba waɗannan biyun a bakinsa ba, ba zai raba su a hannunsa ba.

Masu fassara, musamman na'urorin fassara na intanet, sun fi son su kira na biyun tashar sauti. Dalilinsu a fili yake: kalmar da Bature ke kiran hanyar sauti da ita, da ita yake kiran Arewa24 ko NTA a talabijin, mu kuma tasha muke cewa. Amma tasha aro ce da muka yi wa wurin tsayawar jirgi da mota, daga baya muka ba gidan rediyo da na talabijin. A kunnen Bahaushe tasha wuri ce mai mutane, mai shugaba, mai shirye-shirye. Ka ce wa yaro a Jabo ya kashe tasha ta biyu, rimot zai nema. Asalin kalmar Turancin daga Latin ne, ma'anarta bututu ko magudanar ruwa, don haka in asali za a bi, magudana ta fi kusa, ko kuma kafa, wadda muka riga muka ba kafofin yaɗa labarai. Sai dai ban taɓa jin edita ya ce magudanar sauti ba, kuma kalmar da ba ta shiga bakin mai sana'a ba a takarda za ta tsufa.

Ba wannan ne karo na farko da Hausa ta tsaya a irin wannan mararraba ba. Masu rediyo sun taɓa neman sunan tsawon igiyar da ke ɗauke da shirye-shiryensu, suka ɗauko zango daga bakin fatake. Duk wanda ya girma yana murɗa akwati yana neman Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya san gajeren zango da matsakaicin zango ba tare da ya taɓa buɗe ƙamus ba. Haka faifai ya tashi daga abin rufe ƙwarya ya zama na garmaho, ya zama na bidiyo, har yanzu da babu wani abu mai zagaye a cikin waya ana cewa an saki faifan bidiyo. Haka naɗa, wadda ta dace da zaren kaset mai naɗuwa, ta tsallako zamanin katin waya. Har ka ji ana cewa wane ne ya naɗi naɗin, kuma kowa ya gane: sarki ya naɗa rawani, yaro ya naɗi bidiyo.

Ga gurbin kan tebur, masu aikin sun riga sun yanke hukunci: layi. Layin magana, layin kiɗa, layi na ɗaya, layi na biyu. Aro ne daga Turanci, amma tsohon aro ne da ya zama ɗan gida, kuma ya dace da tarihin abin. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, da ya koma sitiriyo, zarensa na ɗauke da siraran layuka huɗu, biyu a kowane gefe, kuma daga zamanin zare ne masu haɗa manhajojin tacewa suka gaji wannan fasali. Ba ni da ja a kan layi.

Na biyun kuwa, wato hanyar sauti, sunansa bai fito daga bakin edita ba, daga bakin mai kawo aiki ya fito. Mutum zai dawo shago da waya a hannu, iyafis na lilo a wuya, ya ce bidiyon nan kunne ɗaya yake yi. Ya faɗi cutar daidai ba tare da ya san sunanta ba. Tsarin sitiriyo, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista a 1931, kwaikwayon kunnuwan mutum ne: hanya biyu, hagu da dama, su ne L da R da ake gani a jikin mitar da ke tsalle a gefen allo. Mono kuma hanya ɗaya ce da ake aika wa kunne biyun daidai wa daida. To in hagu da dama kunnuwa ne, me zai hana a kira kowace hanya kunne? Za a ce ai mutum kunne biyu gare shi, kyamara kuma na zuwa da huɗu. Gaskiya ne, amma kowace hanya abin da makirufo ɗaya ya jiyo ne. Kyamarar da aka maƙala wa makirufo huɗu kunne huɗu gare ta, kuma ba abin da ya karye a ma'ana. Layi naka ne, kunne na kyamara ne.

Na ga amfanin wannan bambanci a wani shagon tacewa a Tambuwal, cikin watan azumi. An kawo bidiyon tafsiri daga wani masallaci a Jabo. Wanda ya ɗauka ya yi abin da ya dace: ya maƙala wa Malam ƙaramin makirufo marar waya a wuyan riga, ya maƙala wa Alaramma mai jan baƙi wani, na'urar ta aika da Malam hagu, Alaramma dama. A kan tebur kuwa sanda ɗaya ce ta fito, mai zane biyu, sama da ƙasa. Yaron shagon ya sa iyafis ya ji Malam a kunne ɗaya, ɗaya kunnen kuma tari da kwaramniyar tasbaha da fanka, don a daidai wurin Alaramma shiru yake yana jiran a kai aya. Sai ya yi abin da aka koya masa a bidiyon biki: ya ba manhajar umarnin ta cika dama da abin da ke hagu. Nan take Malam ya fito tangaran a kunne biyu. Maigidan ya shigo ya karɓi iyafis, ya saurara na ɗan lokaci, ya ɗago.

"Kai, ina Alaramma yat tahi? Malam ɗai nika ji."

"Oga, layin da ad da hargowa na nik kashe."

"Wane layi? Layi guda na gabanka. Kunne kat toshe, kuma kunnen Alaramma na."

A allo ga Alaramma yana karatu, baki na motsi, ana jin sa can nesa ta makirufon Malam. Gyaran bai kai minti biyu ba. Maigidan ya koma kan fayil ɗin, ya gaya wa manhajar ta daina ɗaukar sa a matsayin sitiriyo, ta ɗauke shi mono biyu. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna da wannan zaɓi a cikin bayanan fayil, kuma ya fi sauƙi a yi shi tun kafin a jawo bidiyon kan tebur. Kunne biyun suka rabu, kowane ya hau layinsa, kowane yana fita ta tsakiya. Daga nan sai aikin hannu: in Malam na fassara a rage Alaramma, in Alaramma ya ja baƙi a ɗaga shi. Yaron ba wauta ya yi ba. Kalma ɗaya gare shi ga abu biyu.

Akwai wata cutar kunne da ta fi wannan ban haushi, sunanta kuma a bakin mutane shi ne sauti ya ɗauke, irin ɗaukewar wuta. Ka gama aiki, ka saurara da iyafis, lafiya lau. Ka tura wa mai shi, ya kunna a sifikar waya, hoto na tafiya, magana ta ɓace ko ta koma raɗa. Yawanci wayar haɗi ce sila. In aka jawo sauti daga na'urar masu lasifika zuwa kyamara da wayar da ba ta dace ba, hagu da dama kan ɗauki magana ɗaya amma ɗaya a juye: inda wannan ya hau, wancan ya sauka. Iyafis na ba kowane kunne nasa daban, ba a jin matsalar. Wayar da ke da sifika ɗaya kuwa haɗa su take yi, sai su cinye juna. Maganin nan shi ne ainihin abin da yaron can ya yi a inda bai dace ba: a zaɓi kunne ɗaya a cika ɗayan da shi. Kuma tunda yawancin masu kallonmu a sifikar waya suke ji, edita da bai saurari aikinsa ta sifikar waya ba bai gama aiki ba.

Sai kalmomin aikatawa, inda aka fi yin ɓarna. A gefen kowane layi akwai ƙananan maɓallai biyu, M da S. Na farko shi ake ce wa kashewa, irin kashe fitila ko rediyo, abin da za a iya kunnawa ya dawo. A kula dai: kashe sauti ake cewa. Kashe murya wani abu ne daban, shi ne abin da budurwa ke yi wa saurayi a waya, ko ɗa in zai roƙi uwa kuɗi. Na taɓa ganin an rubuta wa masu koyo "ka kashe muryar Malam", ban san yadda Malam zai ji ba. S kuma kishiyar M ce, tana kashe kowa ta bar layi ɗaya. Editoci solo suke cewa. Kaɗaita ta wadatar, kuma da ita ya kamata a fara kowane aiki: a kaɗaita layuka ɗaya bayan ɗaya a ji abin da ke cikin kowane, daga farko da tsakiya da ƙarshe, kafin a taɓa wani abu. Wasu makirufo marasa waya suna ajiye kwafin magana a kunne na biyu da ƙarfi ƙasa-ƙasa, don in mai magana ya yi ihu na farkon ya fashe a sami madogara. Wanda bai sani ba zai ce wannan kunnen ba shi da ƙarfi, ya jefar da shi.

Raba ko ware ita ce kwance igiyar da ta ɗaure hoto da sautinsa, don a iya taɓa ɗaya a bar ɗaya. Cire, ko ɗebe kamar yadda muka fi cewa a ƙasar Sakkwato, ita ce ɗauke sandar daga kan tebur. Wannan ma da sauƙi, don manhajojin nan ba sa taɓa asalin fayil, in ka sake jawo shi komai na nan. Goge ce ba ta da magani, kuma tana zuwa ta hanyar da ba a zata ba: ka fitar da bidiyon da ka gama, ka tura ta WhatsApp, ka share katin kyamara don aikin gobe. Daga ranar, duk abin da ka kashe ya mutu da gaske. Maigida kan ce wa yaro "ɗebe wannan" yana nufin a kashe, yaro ya ji cire, wani ma ya ji goge. Kalma uku ne, mataki uku, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba.

Duk wannan in abin da ba a so yana kunnensa daban ne. In ya shiga kunne ɗaya da magana, kashewa ba ta aiki, sai tacewa ta gaske. A nan Hausa ta fi allon kwamfuta arziki, don inda manhaja ke da kalma ɗaya mu muna da tuli. Sauti, wadda muka aro daga Larabci, ita ce uwa. Murya ta mai rai ce. Amo na ganga ne da ƙarfe. Diri ko ƙugi shi ne na inji da na wutar lantarki, wanda a Najeriya ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Shi ya sa wanda ya kwafi saitin wani Ba'amurke a YouTube yakan ga ƙugin bai tafi ba, ya aika mataci inda ƙugin ba ya nan. Tsuwwa ita ce kukan da lasifika ke yi in makirufo ya jiyo kansa. Amsa-kuwwa ita ce maganar da bangon masallaci ya dawo da ita, ko da yake da sunan muke kiran lasifikar kanta. Hargowa ta taron mutane ce. Kowace da maganinta: ƙugi na da mazauni ɗaya, ana iya yanke shi, hargowa kuwa a cakuɗe take da magana don ita ma maganar ce. Edita da ya ce wa duka "ƙara" zai ba su magani ɗaya.

Magani ɗayan nan kuwa ya zo. Tun ƙarshen 2022 DaVinci Resolve na kuɗi ke da maɓallin da ke tsame muryar mai magana ya danne sauran, yanzu kuma manhajojin waya ma suna da irinsa. Yana aiki, wani lokaci har ka yi mamaki. Amma shi murya ɗaya ya sani. Guɗar da aka rangaɗa lokacin da amarya ta fito, kabbarar da jama'a suka yi da Malam ya kai wata aya, kalangun da ke tashe a bayan maroƙi, duk a wurinsa datti ne. Ka ɗauki waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ka danne kotso da 'yan amshi, ka ga abin da zai rage maka. Shi ya sa "sautin da ba a so" suna ne mai santsi. Wa ne ne ba ya so? Uwar amarya guɗar nan ta biya a ɗauko mata.

Mutanen Jabo sun ga wani gefe na wannan magana. A daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato, ɓaraguzan makamai sun faɗo a gonakin garin, kuma kafin gari ya waye sunan Jabo ya zaga duniya a bidiyon waya. A irin wannan bidiyo, abin da edita zai kira hargowa shi ne shaida. Salatin mutane, harshen da suke magana da shi, "mi yaf faru" da "wanga abu" na Sakkwatanci, su ne ke gaya wa mai bincike cewa a nan aka ɗauka, ba tsohon bidiyon wata ƙasa ba ne aka liƙa wa suna. Da zarar an kashe wannan sauti an ɗora kiɗa mai tada hankali ko muryar wani mai sharhi, hoton ya zama na kowa, kowa na iya cewa ga inda ya faru. Ɗora murya sana'a ce mai kyau a wurinta, da ita Algaita ta mayar da finafinan Indiya Hausa. A kan bidiyon labari kuwa, ko an ɗora, a bar na asali yana tafiya a ƙasa, a kuma ajiye fayil ɗin farko yadda ya fito daga waya.

Ƙamusun Bargery na 1934 bai san kyamarar bidiyo ba, kuma ba laifinsa ba ne. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 harshe da adabi ya sa gaba. Kalmomin ɗakin tacewa suna nan a bakin samari, ba a tattara su ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar nazarin Hausa a Sakkwato, mota ɗaya ce daga Tambuwal. Ta turo ɗalibi da rikoda ya zauna a shagunan nan na mako biyu, ya rubuta abin da maigida da yaronsa ke faɗa, kafin tashar sauti ta riga su shiga littafin makaranta.